Daga Kano zuwa Serengeti: 'yar Swahilin da na koya ta yi min rana

Tun kafin biza ta fito na fara koyon Swahili, saboda jiran ya yi tsawo kuma hankalina ya riga ya tafi can. Mu masu fasfon Najeriya ba a buga mana bizar Tanzaniya a filin jirgi kaman yadda ake wa mutanen wasu ƙasashen, sai ka cike ta intanet tun kana gida, ka haɗa da takardar gayyata daga kamfanin da zai kai ka daji, sannan ka zauna jiran makonni har su amince. Duk mai niyya ya fara da wannan, kar ya yanki tikiti sai ta fito. Katin rigakafin shawara ma dole ne, shi aka fara tambayarmu da muka sauka.

A cikin jiran nan na samu ƙaramin littafi na raba kowane shafi gida biyu, Hausa a hagu Swahili a dama, da daddare kuma in kunna sashen Swahili na BBC ko DW ina saurare ko da ba na fahimta, don dai kunnena ya saba. Abin da ya fara ƙarfafa min gwiwa shi ne yadda nake tsintar kalmomi ba tare da na koya ba. Habari labari ne, dunia duniya, hatari hatsari, sabuni sabulu, bunduki bindiga, mwalimu malam, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an faɗa maka ba. Mu da su duk daga Larabci muka kwaso, mu ta hamada su ta teku. Kuma harshen ba shi da karin sautin nan namu na hawa da sauka, gaɓa ta biyun ƙarshe kawai zaka ɗan danna, yadda aka rubuta haka ake karantawa.

A watan Fabrairu muka tashi ni da wani abokina, daga Kano zuwa Addis Ababa, muka kwana can washegari muka sauka filin jirgin Kilimanjaro wanda ke tsakanin Moshi da Arusha. Jami'in da ya karɓi fasfona yace karibu Tanzania, barka da zuwa, nace masa asante, na gode, habari za kazi, wato ya aiki. Sai ya ɗago kai ya dube ni sosai yai murmushi yace nzuri, ya ci gaba da wata doguwar magana da ban kama komai ciki ba, amma dai fuskarsa ta canza gaba ɗaya. Daga nan har na baro ƙasar abin da na yi ta gani kenan. Mutanen nan masu gaisuwa ne irinmu, habari za asubuhi, habari za nyumbani, habari za watoto, wato ina kwana, ya gida, ya yara, ba mai faɗa maka buƙatarsa sai ya gaishe ka. Yaro in ya ga babba zai ce shikamoo, babban ya amsa marahaba. In za a shiga gida a ce hodi, na ciki ya ce karibu. Sannan suna da pole, wadda nake ganin ita ce sannu ɗinmu sak, in ka yi tuntuɓe pole, in ka gaji pole, in ka dawo daga tafiya pole na safari, in an yi maka rasuwa pole sana. Turawan da muka haɗu da su sun yi ta fama da ita wai a harshensu babu, ni kuwa rana ɗaya na san inda ake sa ta.

Daga filin jirgi zuwa Arusha kusan kilomita hamsin ne. A hagu suke tuƙi. Dutsen Kilimanjaro gajimare ya rufe shi ranar, sai Meru muka gani tsaye a kan garin, shi ma fa mita 4,566 ne, ba ƙaramin dutse ba. Abin da ya ɗauki hankalina a hanyar ba dutsen ba ne ma, rashin leda ne. Tun 2019 suka hana ledar zuba kaya, ka duba kwata ka duba gindin bishiya babu baƙar ledar nan da ta cinye mana gonakin bayan gari. Na daɗe ina kallo ta taga raina na sosuwa, don abu ne da ba ya buƙatar arzikin fetur, doka ce kawai da bin doka. Sauran kuwa kamar gida, achaba suna kiransa bodaboda, adaidaita sahu bajaji, ƙananan bas-bas daladala, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni.

Arusha gari ne mai sanyi da tarihi, nan hedikwatar ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka take, nan kuma Nyerere, shugaban ƙasarsu na farko, ya yi shelar manufarsa ta Ujamaa, wato gurguzu irin na Afirka, a 1967. Har yau ba sa kiran sunansa haka kawai, sai Mwalimu. Kuma kowa zai gaya maka shi ya tsaya kai da fata Swahili ta zama harshen ƙasa, ƙabila sama da ɗari da ashirin amma Bacaga da Bamasai da Basukuma in sun haɗu harshe ɗaya suke yi, a kasuwa, a firamare, a majalisa.

Darasina na farko na sunayen dabbobi a wajen mai canji na same shi. Takardar shilin dubu goma hoton giwa ne, tembo. Ta dubu biyar karkanda, kifaru. Ta dubu biyu zaki, simba. Ta dubu ɗaya ce ke da Mwalimu. Lokacin dala ɗaya tana wajen shilin dubu biyu da ɗari biyar, kuma ku kula ba sa son tsofaffin daloli ko masu datti. A kasuwa lissafi bai ban wahala ba ko kaɗan, ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini, duk namu ne in ka saurara da kyau. Daga ɗaya zuwa biyar ne sai ka haddace, moja mbili tatu nne tano, sai nane takwas da kumi goma. Mia ɗari, elfu dubu. Da bei gani, nawa ne, da punguza, rage min, na sayi bargon Masai ja mai zanen dara a rabin kuɗin da aka fara gaya min, matar tana dariya tana kirana kaka. Kaka a wajensu yaya ne namiji, dada kuma yaya mace, haka zaka kira duk wanda kuke sa'anni, dattijo kuma mzee.

Abinci bai ba mu matsala ba. Ugali tuwon masara ne amma ya fi namu tauri kuma ba miyar yauƙi, da ganyen mchicha ake ci wato alayyafo, ko wake, ko gasasshen nama da suke kira nyama choma da haɗin tumatir da albasa. Akwai pilau, akwai chipsi mayai wato soyayyen dankali da aka fasa wa ƙwai aka soya tare, wannan a ko'ina zaka samu kuma da arha. Shawarata ga ɗan'uwa Musulmi, ka riƙe kalmomi biyu, nguruwe shi ne alade, amma a allon gidan abinci ba haka suke rubutawa ba, kitimoto zaka gani. In ka ga kitimoto ka wuce gaba. Masallatai suna nan da yawa a cikin gari, mun yi Juma'a a ɗaya kusa da kasuwa, huɗuba da Swahili amma rabinta na bi saboda Larabcin ciki.

Da yamma direban da zai kai mu daji ya zo masaukinmu, Bacaga ne daga Moshi, mutum mai natsuwa da zai kai shekara hamsin. Da ya ji ina ɗan taɓa harshen sai yace to gobe saa kumi na mbili asubuhi, sha biyu na safe. Ya ga na yi shiru sai ya zana min agogo a takarda. Su ƙirgen awa daga fitowar rana suke farawa, bakwai na safe ita ce saa moja, sha biyun rana saa sita, shida na yamma saa kumi na mbili, sai a sake daga farko da dare. Saboda suna kusa da tsakiyar duniya rana kusan lokaci ɗaya take fitowa duk shekara, don haka lissafin ya zauna daidai. Dabarar ita ce ka dubi lambar da ke kallon wadda aka faɗa a fuskar agogo. Wannan ya fi sunan kowace dabba muhimmanci wallahi, don a kansa mutum zai iya rasa mota.

Shida na safe muka kama hanya a Land Cruiser irin mai rufin da ake ɗagawa, mu biyu da wasu mata da miji daga Jamus, da direba, da kuku wanda Musulmi ne ɗan Tanga. Kwalta lafiya lau. 'Yan sandan hanya fararen kaya suke sawa, suna laɓewa da na'urar auna gudu da direbobi ke kira tochi, a cikin gari ba a wuce hamsin, an tsayar da mu a wani ƙauye aka duba takardu muka wuce.

Tarangire muka fara shiga. Dajin kuka ne, mbuyu suke ce mata, manya-manya da giwaye suka ɓare wa bawo har tsayin da haurensu ya kai. Ni da na taso ina ganin kuka a bayan gida ana tsinkar ganyenta ana miya, ban taɓa ganinta a matsayin abincin giwa ba sai ranar, direba yace da rani ruwan da ke cikin jikinta suke nema. Ba mu yi nisa da ƙofa ba muka ci karo da garke, uwaye da 'ya'ya suna tsallaka hanya ba su ko kalle mu ba. Bakina ya riga tunanina nace tembo, simama, wato giwa, tsaya! Direban ya taka birki yana dariya yace wewe, ashe da gaske kake. Daga nan ya mayar da ni ɗalibinsa, duk abin da muka gani sai ya nuna yace nini hii, mene ne wannan, in na sani in faɗa in ban sani ba ya faɗa in rubuta, sannan ya tambaye ni da Hausa. Twiga raƙumin dawa, ita ce dabbar ƙasarsu ba a taɓa ta. Punda milia jakin dawa, su jaki mai zane suka ce. Ngiri mugun dawa, yana gudu jela a tsaye. Nyani gwaggon biri, mbuni jimina, kanga zabo, mbweha dila, swala barewa, kuma kukunmu ya ƙara da cewa sallah ma swala suke ce mata. Da na gaya wa direban sunan twiga da Hausa ya ji daɗin abin ƙwarai, ya yi ta maimaita raƙumin dawa har ya iya. Wahalar Tarangire ƙudan tsando ne, cizonsa kaman allura kuma yana huda riga, kar ka sa baƙi ko shuɗi don su yake bi, har tutoci masu wannan launin da aka shafa wa magani suke ratayewa a bishiya don kama shi.

Mun kwana a Mto wa Mbu, ma'anarsa kogin sauro, garin ayaba ne har da wata ja mai zaƙi. Da safe muka hau tudu muka wuce Karatu zuwa ƙofar Loduare, inda kwalta ta ƙare. A nan direba ya shiga ofis da takardu, mu kuma yace mu rufe gilasai saboda nyani suna shiga mota su ɗauki abinci, kuma a gabanmu ɗaya ya fizge ledar biskit, a'a jakar takarda ce, daga wata mota ya haye bishiya. Daga nan hawa ne cikin kurmi da hazo har muka isa bakin ramin Ngorongoro aka tsaya mu leƙa. Zan dawo kansa. A bakin hanyar akwai kabarin Michael Grzimek, Bajamushen da jirginsa ya faɗi a 1959 yana aikin ƙirga dabbobin Serengeti tare da mahaifinsa, Jamusawan motarmu sun san labarin tun suna yara.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wannan yankin Masai ne. Ngorongoro ba kamar sauran gandun ba ne, an bar mutane su zauna da dabbobinsu, sai ka ga yaro da sanda da jan bargo yana kora shanu, jakunan dawa na kiwo a gefensu ba wanda ya damu da wani. Dole Fulaninmu su faɗo maka. A 1959 aka fitar da su daga Serengeti aka ce su zauna nan, yanzu kuma nan ɗin ma ana ta maganar a kwashe su a kai wani wuri wai sun yi yawa. Direba bai so mu ja zancen ba. Ni dai ra'ayina mutanen da suka zauna da zaki ɗaruruwan shekaru ba su ƙarar da shi ba, bai kamata su ne za su biya kuɗin jin daɗin baƙi irina ba. Harshensu daban ne, Maa, kuma sunayen wuraren nan da yawa nasu ne, Serengeti daga siringet take wato fili mara iyaka, kwazazzabon Olduvai ma inda mai binciken tarihi Mary Leakey ta tono wani tsohon ƙoƙon kai na halitta mai kama da mutum a 1959, asalinsa oldupai ne sunan wani tsiro mai kama da kabar giwa.

Daga gangaren Ngorongoro zuwa Naabi, ƙofar shiga Serengeti, hanyar burji ce mai gargada, awanni ana jijjiga, ƙura har cikin haƙori, duk motar da ta wuce sai an rufe gilas a buɗe. Amma a nan muka ga abin da ya kawo mu a Fabrairu. Nyumbu. Wannan dabbar ba ni da sunanta da Hausa, kai kaman na sa, gemu, ƙafafu sirara, gaba ya fi baya tsayi. Sun fi miliyan, suna zagaye tsakanin Tanzaniya da Kenya suna bin ruwan sama, a wannan watan kuma suke taruwa a filayen kudu wajen Ndutu su haihu, kusan rabin miliyan na 'ya'ya cikin 'yan makonni. Na ɗauka zan ga garke babba, abin da na gani kuwa ƙasa ce ta yi baƙi daga inda muke har inda ido ya ƙare, gabas da yamma, ga kukansu ba ya tsayawa. Direba ya kashe mota yace subiri, jira, angalia kushoto, dubi hagu. Wata ce ke naƙuda a tsaye. A gabanmu ɗan ya faɗo, ya yunƙura ya faɗi, ya sake ya faɗi, kafin mu gama mamaki ya miƙe yana bin uwar da gudu-gudu, ko minti goma ba a yi ba. Can nesa kaɗan kuraye biyu na zaune suna kallo. Abokina sai tasbihi yake, ni ma ban iya ɗaga waya na ɗauki hoto ba.

A cikin Serengeti ne Swahilin ta yi min rana ta gaske. Kowace mota tana da rediyon oba-oba, direbobi na ta magana ba ƙaƙƙautawa, ga baƙo hayaniya ce kawai. Ni kuwa na kasa kunne. Ina jin kulia, kushoto, mbele, nyuma, dama hagu gaba baya, ina jin wapi, ina, ina jin daraja wato gada ta kan rafi, amma ban taɓa jin an ce simba ko chui ba, alhali da an yi maganar sai mu juya da sauri mu je mu tarar da zaki. Sai na lura duk lokacin da aka ce sharubu zaki muke tararwa. Na matsa kusa da direba a hankali nace kaka, sharubu ni simba? Ya juyo ya kalle ni ya girgiza kai yana dariya yace kai ka zama hatari. Sannan ya buɗe min. Suna da zaurancensu. Sharubu gashin baki ne, shi ne zaki. Masikio kunnuwa, giwa. Pembe ƙaho, karkanda. Madoadoa dabbare-dabbare, in aka ce wa juu wato na sama damisa ce don a bishiya take kwana, in aka ce wa chini wato na ƙasa to duma ne, wannan siririn mai gudun tsiya da a littattafan Hausa ake kira rabbi. Dalilin yace kowane baƙo ya san simba, in ya ji a rediyo zai tashi tsaye ya fara murna, in aka je ba a samu ba kuma ya ɓata rai ya ga laifin direba, har ya shafi ɗan abin da zai ba shi a ƙarshe.

Daga ranar tafiyar ta canza min. Da yamma wajen rafin Seronera na ji an ce wa juu, na ji an ce chakula, abinci, na dubi direba ya kashe min ido yace twende, mu je. Damisa ce kwance a reshen bishiya ta rataye barewa a kusa da ita, jela na lilo. Sai dai abin da na gani a wajen bai min daɗi duka ba, motoci sun fi ashirin sun yi cincirindo, kowa na turo hanci, injina na ruri. Rediyon da ke sa ka ga damisa shi ne kuma ke tara mata jama'a. Washegari da aka kira wa chini na ga yadda motoci suka kewaye duma da 'ya'yanta tana son fita farauta ba hanya, direbanmu da kansa yace haifai, bai dace ba, ya ja baya muka tafi. Na ƙara ganin girmansa a nan.

A tanti muka kwana a sansanin Seronera, babu katanga babu shingen waya, ɗakin girki da na cin abinci ne kawai aka kewaye da raga. Kuku ya gargaɗe mu, kar a bar takalmi a waje fisi zai ɗauka, kar a shiga da abinci tanti, in zaka fita da dare ka haska tocila tukuna, in ka ga idanu ka koma. Fisi ita ce kura. Cikin dare na ji ta tana shinshina bayan tantinmu, can nesa kuma gurnanin zaki, wani sauti mai zurfi da kake ji a ƙirji kafin kunne. Duk tatsuniyoyin kura da aka yi mana muna yara a matsayin sakarya, wadda na ji a daren nan ba abin wasa ba ce, kuma direba yace mafi yawan abin da take ci ita ke kashewa da kanta, sau da yawa ma zaki ne ke ƙwace mata. Sallah kuwa tunda ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ƙasaru muka riƙa yi muna haɗawa, mu da kuku.

A dawowa muka kwana a bakin ramin Ngorongoro, sama da mita dubu biyu, sanyin da ya fi na Jos a Disamba, bargon Masai ɗin nan ya yi amfani. Da asuba muka gangara. Dutse ne mai aman wuta da ya rufta ciki shekaru miliyoyi da suka wuce, zurfinsa wajen mita 600, faɗin ƙasansa wajen murabba'in kilomita 260, kuma gangarawa kaɗai dala 295 ce kowace mota lokacin da muka je, banda kuɗin shiga na kowane mutum. A ciki muka ga nyati, ɓauna, garke guda suna kallonmu da fuskar nan tasu ta rashin yarda, da kiboko, dorina, cunkushe a tafki, da gauraki bibbiyu suna kiwo a ciyawa. Twiga ce kawai babu a ƙasan ramin. Wajen hantsi rediyo yace pembe, wannan karon ni na fara ji kafin Jamusawan su san me ake ciki. Yana da nisa sosai, mbali sana, sai da madubin hangen nesa, baƙin karkanda shi kaɗai yana tafiya a hankali. Kaɗan suka rage saboda majangili, ɓarayin daji masu kashe su don ƙaho, shi ya sa masu gadi ke bin su dare da rana. A wurin cin abincin rana kuma aka ce mu ci a cikin mota saboda mwewe, shirwa, tana fizge nama daga hannun mutum.

Maganar kuɗi, ba tafiya ce mai arha ba. Mu da muka zaɓi tanti da haɗa mota da wasu, ya kama dala ɗari biyu da wani abu kowane mutum a rana, ciki har da abinci da kuɗin shiga, kuma kuɗin shigar ne ke cin kaso babba, Serengeti kaɗai ta haura dala tamanin a kwana ɗaya. 'Yan gabashin Afirka kaɗan suke biya da shilinsu, mu kuwa farashin Bature aka yi mana duk da baƙar fatarmu, wannan ya ɗan ci min rai. Sai ka ware na direba da kuku daban, haƙƙinsu ne, sun wahala da mu. Da zamu rabu a Arusha nace masa asante sana kaka, tutaonana, sai mun sake haɗuwa, yace safari njema, karibu tena, sannan ya ɗaga hannu yace raƙumin dawa.

Bayan na dawo na kai wa wani ƙanin kakana hotunan a ƙauye, tsohon maharbi ne, idonsa ya yi rauni amma da na ƙara girman hoton a waya sai ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wadda direba ya ce min kongoni yace kanki ce ko 'yar'uwarta. Kuro yace gwambaza. Ya tambaye ni ko na ga gwanki, ko mariya, ko mazo, ko kwanta-rafi, ya siffanta min kowacce da inda take kwana da irin sawunta, yace duk ya gansu da idonsa a dazukan da yanzu gonaki ne. Rabin sunayen nan ban taɓa ji ba sai a karin magana, wasu ko a nan ban ji ba. Na cika shafi da sunayen dabbobi da Swahili alhali ɓangaren Hausar littafin nawa duk giɓi ne, a zaune a gabansa na cike su. Giwayenmu na Yankari suna nan ana ta fama a tsare su, raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai sun taɓa komawa wajen hamsin a 1996 kafin a tashi tsaye su farfaɗo zuwa ɗaruruwa, wato abin yana yiwuwa in an so. Da na nuna masa nyumbu ya daɗe yana juya wayar, yace wannan kam babu ita a dajinmu, bai san sunanta ba. Na bar gurbinta a littafin ba komai, kuma mun yi da shi in Allah ya kai mu bayan sallah zan ɗauke shi da yarana mu je Yankari ya nuna musu da bakinsa.